Bututun Da Aka Ɗinka Wa Malam

Ni ba mai yawo ba ce. Kafin ciwon Malam, iyakar tafiyata daga ƙauyenmu na gefen Madarunfa zuwa cikin Maraɗi ne, shi ma sai biki ko rasuwa. A bar ni a tsakar gidana da turmina da maƙwabtana, in yi ta zuba har rana ta faɗi, ba ni da sauran buƙata. Sai ga ni a Abuja, ƙasar wasu, kuɗin wasu, Turancin wasu, da aiki guda ɗaya a kaina: in tsare mijina kada ya ɗaga abu mai nauyi har bututunsa ya iso.

Gidan Sanusi muka fara sauka. Sanusi ɗan ƙanwar Malam ne. Ubansa mutumin Katsina ne, ya rasu yaron yana rarrafe, mu muka riƙe shi har dangin uban suka zo suka tafi da shi boko. Yanzu babba ne a wata ma'aikatar gwamnati, gidansa mai bene, ƙofar ma da kanta take buɗewa. Ya rungume kawunsa, ya durƙusa ya gaishe ni, ban rage masa wannan ba. Matarsa kuwa daga kan matakala ta yi mana sannu da hanya. Na kwance ƙullin tsarabata, cuku da kuka da daddawar da na daka da hannuna, washegari na ga ƙullin daddawar a ɗakin mai gadi. Ba na jin Turanci, amma ina jin murya. Da ta ɗauki waya ta shige ciki tana magana, na gane sautin, irin wanda mace take yi in kaji sun shigar mata ɗaki.

A asibiti wata likita ce ta gan mu, 'yar Jos, gajeruwa mai fara'a, Hausarta tas. Malam ya daɗe yana jin wani abu na bugawa a saman cibiyarsa kamar zuciya ta biyu, kuma tun a Maraɗi da aka yi masa hoto aka ce wannan ya fi ƙarfinsu. Ita ce ta fara yi mana bayanin da na gane. Ta ce akwai babbar jijiyar jini da take tasowa daga zuciya ta gangaro ta cikin ciki, ita ce ta yi ƙulu, kamar tsohuwar robar tayar keke da ta kumbura gefe guda. In ta fashe, jinin a ciki zai zuba, ba a waje ba, kuma da wuya a kai mutum ko'ina. Ta ce yanzu ba sai an tsaga ciki ba. Ɗan yanka ake yi a gindin cinya, a zura wani bututu na ƙyalle da siririyar waya a naɗe, a tura shi ta cikin jijiyar har ya kai wurin, sannan a buɗe shi kamar laima, jini ya riƙa bi ta cikinsa ya bar ƙulun ya huta.

Malam ya ce to a sa masa yau mu koma, shuka ta kusa.

Ta yi murmushi ta ce nan gizo yake saƙar. Nasa ƙulun ya hau sama, daidai inda jijiyoyin ƙoda da na hanji suke rabuwa. In aka sa bututun da ake sa wa kowa, zai toshe su. Sai an auna hotonsa an aika ƙasar waje, a ɗinka masa nasa shi kaɗai, da 'yan tagogi daidai bakin kowace jijiya. Zai ɗauki wata biyu ko fiye. Kafin nan ta ɗora mana abu uku: ya sha maganin hawan jini kullum, kada ya ɗaga nauyi ko ya yi yunƙuri, kuma mu zauna kusa da asibiti.

"Buta fa, 'yata?" in ji Malam.

"Buta ka ɗauka, Baba. Tulu ne ban yarda ba." Ta juyo wurina. "Mama, a hannunki na bar shi."

Ba ta san wanda ta bar mini ba. Malam mahaƙin rijiya ne tun yana saurayi. Rabin rijiyoyin yankinmu shi ya shiga cikinsu. Ya haura sittin amma har lokacin shi kaɗai yake saɓa buhun gero. Kuma ciwon nan mugu ne ta wannan gefen: ba ya kwantar da mutum, ba ya ramar da shi. Duk wanda ya ga Malam sai ya ce ni ce marar lafiyar.

Sanusi ya biya kuɗin bututun, Allah ya sani, kuma na san ba ƙaramin abu ya fitar ba. Amma zama a gidansa bai yiwu ba. Aka ce za a yi gyaran ɗakunan baƙi. Ya damƙa wa direbansa Haladu kuɗi, ya ce ya nema mana wuri mai kyau kusa da asibiti. Haladu ya zuba mu a mota, ya yi ta tafiya a kan wani titi mai faɗi, ya sauka daga kwalta, ya shiga lungu, ya fita lungu, har motar ta ce ba ta iyawa, muka ƙarasa da ƙafa. Ya ce nan Lugbe ne, tsakaninmu da asibiti kamar mutum ya tofa yawu. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya mai ɗakuna jere suna kallon juna, banɗaki ɗaya, ruwa sai an saya. Ni me na sani? Duk garin iri ɗaya ne a idona. Sai ranar da muka koma ganin likita na gane yawun Haladu nisa gare shi: babur, sannan mota, sannan wata motar, muka isa rana ta take.

Da na ji abin da maƙwabta suke biya a irin ɗakinmu, na san sauran kuɗin yana aljihun Haladu. Na ce wa Malam mu faɗa wa Sanusi. Ya ce kul. Ya ce yaron nan ya ɗauki abin da ya fi wuyansa, kuma a ce kawunsa ya kai masa ƙarar ɗaki? Baƙo ba ya raina shimfiɗa. Na ce ba maganar shimfiɗa ba ce, likita ce ta ce kusa. Ya ce Allah yana Lugbe kamar yadda yake bakin asibiti. Duk Juma'a Sanusi zai kira, ina ji yana tambaya ko wurin ya yi, Malam yana amsawa, lafiya lau, kamar a gida. Sanusi ya ce zai leƙo in aiki ya yi sauƙi. Aikin bai taɓa sauƙi ba.

Abin da ya fi ci mini rai a zaman nan shi ne shiru. Gida cike da mutane, amma kafin gari ya waye duk sun fice cikin birni neman abinci, ba sa dawowa sai duhu. In gaishe da mace, ta amsa tana kulle ƙofa. Ni da bakina ba ya hutawa, na koma yi wa tukunya magana. Gero tsada, kuma ba ya ƙamshi irin namu. Damina ta sauka, 'yata ta kira ta ce an yi shuka, akuyata ta haifi biyu, na ajiye wayar na shiga bayan ƙyaure na yi kukana. Akwai wata Bafulatana da take kawo nono daga rugar bayan gari. Ranar da ta ji harshena ta ce kakarta daga wajenmu take, tun daga nan kullum sai ta ƙara mini ludayi guda, ta zauna mu ɗan taɓa. Ita da Baba Ndagi su ne mutanena a Abuja.

Baba Ndagi tsohon Banufe ne, ya yi gadi har ƙarfinsa ya ƙare, ya koma sayar da gawayi a ƙofar gidan. Ɗakinsa yana kallon namu. Ranar da ya ji mu Katsinawan Maraɗi ne ya tafa hannu ya ce ashe bayinsa ne Allah ya kawo masa har gida. Kun san wasan da ke tsakanin Nufawa da Katsinawa. Malam, da ya kwana biyu bai yi dariya ba, ya ce ina Banufe ya ga bawa, shi da ko Hausa bai gama biya ba. Gaskiya ne kuwa, a bakin Baba Ndagi mace namiji ce, namiji mace. Ni kullum "matarka ya dafa me" nake. Da na yi masa bayanin ciwon, ya saurara har ƙarshe, ya dubi cikin Malam, ya ce to ashe bawansa ciki gare shi. Daga ranar sunan Malam ya koma Mai Ciki. Kowace safiya sai ya leƙo ya tambaya ko naƙuda ta fara.

Amma shi ne ya bi ɗaki ɗaki ya gaya wa 'yan haya cewa akwai ƙwai a cikin mutumin nan, duk wanda ya sa shi ɗaukar ko tsinke, su biyu ne. Masu ruwa ba sa shigowa lungunmu in an yi ruwan sama, a bakin hanya suke tsayawa da kurarsu. Tsohon nan, da ƙafarsa mai ciwo, shi yake jawo mana jarka har ƙofar ɗaki. In Malam ya miƙe zai karɓa, sai ya daka masa tsawa ya ce mai ciki ya zauna, ubangida ne yake yi wa bawa hidima yau, duniya ta lalace. Malam yana dariya, amma ni da na san shi ina ganin yadda yake kau da kai.

Tsaron Malam ya fi tsaron yaro mai rarrafe wuya. Wata rana motar wani ta kafe a taɓo, maza suka taru turawa, kafin in juya ya tattare riga. Na riƙo gefen rigar a gaban mutane. Yini guda bai yi mini magana ba. Wata rana na same shi ya ɗaga murfin tsohuwar rijiyar gidan yana leƙawa, yana faɗa wa mai gidan inda aka yi kuskuren gini. Ya ce na mai da shi kaza mai kwanci. Na ce na ji, ya kwanta ɗin, in an sa bututu ya haƙa rijiya daga nan har Maraɗi. In zai shiga wanka ni nake kai ruwan. In zai je masallaci ina tsaye a ƙofa har ya dawo.

Wata biyun suka wuce. Aka ce masu ɗinkin sun nemi a sake hoto, wata jijiya ba ta fito sosai ba. Aka sake. Aka ce an gama, yana hanya. Aka ce ya sauka amma ya maƙale a wurin masu duba kaya, saura sa hannu. Kullum saura kaɗan. Gero ya yi kai a gida, mu muna zaune muna kallon gawayin Baba Ndagi.

Sai zazzaɓi ya kama tsohon. Kwana kaɗan ya yi a kwance, ina dama masa kunu, yana cewa bawansa ya auri mai hannu. Ranar wata Talata bayan asuba ya cika. Ɗansa yana can ƙasar Nufe, aka kira shi, ya ce ba zai iso da wuri ba, a yi masa sutura kada a jira.

A garinmu in aka yi rasuwa, ko kasuwa ce ke ci sai ta watse. A Lugbe ranar aiki ce. Mazan gidan sun riga sun fita kafin labari ya zaga, waɗanda aka kira a waya suka ce oga ba zai bari ba, Allah ya jiƙansa. Da aka fito da shi, liman ne da ladan, da wasu tsofaffi, da 'yan acaɓa biyu da suka ajiye baburansu don Allah. Ga shi ruwan sama ya cinye hanyar maƙabarta, mota ba ta wucewa, sai a kafaɗa, a tsallaka rafi a hau tudu.

Na ga Malam yana sa farar rigarsa. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, salla kawai za ka yi ka dawo."

"Zan raka shi."

"To ka rantse mini ba za ka taɓa makara ba."

Ya daɗe yana gyara hularsa. Sannan ya ce, "Dije, wata nawa mutumin nan yana ɗaukar mini ruwa?"

Na ce Baba Ndagi da kansa, da zai tashi, shi zai fara hana shi. Ya ce ai shi ya sa, tunda ba zai tashi ba. Ya raɓa ta gefena ya wuce. Na bi ladan da sauri, na roƙe shi don girman Allah ya sa ido, ya ce in kwantar da hankalina, ba za su bari ba.

Na bi mutumin nan ƙofar banɗaki, na bi shi ƙofar masallaci, na bi shi asibiti. Wuri ɗaya ne mace ba ta bi. Na tsaya a ƙarshen lungu tare da wasu matan unguwar, muna kallo suna gangarawa. Farar hularsa tana can baya, na ce alhamdu lillahi. Sai na ga ta matso tsakiya. Masu ɗauka ba su da masu karɓarsu, tsofaffi ne, makarar tana rangaji. Sai na ga hular ta shige ƙarƙashi. Na kira shi sau ɗaya. Wata mata ta dafa ni ta ce haba Mama, gawa ce fa a gaba. Ban sani ba ko ya ji. Bai waiwayo ba.

Daga baya ladan ya ba ni sauran labarin, yana ta ba ni haƙuri. Ya ce a tsakiyar rafi wani tsoho ya zame, makarar ta karkata za ta faɗa ruwa, Malam ya tare gaban shi kaɗai har suka haye. Da suka isa kuma suka tarar ƙasar ta jiƙe, gefen kabarin yana zubowa, yaran da suka haƙa ba su san yadda za su yi ba. Ya ce kafin a ce wani abu Malam ya karɓi shebur ya dira ciki. Wa zai riƙe rigar dattijo a bakin kabari?

Ya dawo da taɓo har gwiwa, fuskarsa tana haske irin wanda ban gani ba tun da muka baro gida. Na ƙi yi masa magana. Ya wanke ƙafa, ya ci tuwo ya nemi ƙari, ya ce yau ya ji shi mutum ne. Na fara cewa a raina wataƙila Allah ya rufa asiri.

Bayan azahar yana zaune a kan tabarma sai ya kama bayansa. Ya ce kamar an soka masa mashi. Gumi ya keto masa, leɓɓansa suka yi fari. Na fita ina neman mutane a gidan da ba kowa. 'Yan acaɓan nan biyu su suka ɗauko shi a kan tabarmar har bakin kwalta. Motoci suna wucewa, mai tsayawa ya ga halin da yake ciki ya ja motarsa, ba ya son rigimar gawa. Da ƙyar wani ya yarda. Na ɗora kansa a cinyata, titin nan mai faɗi ya ƙi ƙarewa. Na kira likita, ta ce suna shirye, a ina muke? Na ce Lugbe. Ta maimaita sunan, sannan ta ce mu yi sauri.

Malam ya buɗe ido ya dube ni. "Dije, na gyara masa gefen. Ba zai rufta ba."

Daga nan sai kalmar shahada. Ba mu kai ƙofar birni ba.

Ranar Sanusi ya fara taka Lugbe, ya zo kwasar kayanmu. Motarsa ta tsaya inda ta Haladu ta tsaya, ya ƙaraso da ƙafa, takalminsa duk taɓo. Ya tsaya a ƙofar ɗakin yana kallon tabarma da jarkoki.

"Inna, nan kuke?"

"Nan muke, Sanusi. Da ka zo sau ɗaya, da ka gani."

Ya yi kuka kamar ranar da aka raba shi da bayana. Ya kori Haladu, ya ce har hukuma zai kai shi. Ban ce a yi ba, ban ce a bari ba. Jana'izar Malam kuwa a babbar maƙabartar cikin birni aka yi, a mota aka kai shi. An ce manyan riguna har ba wurin tsayawa, mutanen ofis suna ture juna kowa yana son ya sa kafaɗa daga mota zuwa bakin rami.

Ba a tashi daga zaman makoki ba aka kira Sanusi daga asibiti, bututu ya iso. Na ce sai na gan shi kafin a mai da ni gida. Matarsa ta ce mai takaba ba ta yawo. Na ce ai asibitin a kan hanyarmu yake.

Likitar ta rungume ni. Na tambaye ta abin da yake cina, ko makarar ce. Ta ce ba za ta rantse ba, jijiyar ta riga ta yi siriri, tana iya fashewa yana kwance a kan tabarma. Na san tana so ta sauke mini kaya ne, na yi mata godiya. Ta sa aka kawo shi. Kwali ne dogo, siriri, a liƙe, da sunan Malam a jiki da rubutun boko. Na shafa shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Tun a hanya na riga na shirya abin da zan ce. Na ce tunda an biya, a sa wa wani mai irin ciwon da ba shi da hali, ladan sadakar ya je wa Malam. Sanusi ya ce ya yarda.

Ta dube ni, ta dubi kwalin. "Mama, ba zai yi wa kowa ba. Tagoginsa daidai jijiyoyin Baba aka huda su. In na sa wa wani, ƙodarsa zan toshe."

Na ce ko a rage, ko a ƙara, kamar yadda ake yi wa riga? Ta girgiza kai. Na ce to a mayar wa masu shi. Ta ce ba sa karɓa.

Da na koma gida aka raba kayan Malam. Rigunansa sun shiga ƙannensa, takalminsa ya yi wa ladanmu daidai, igiyarsa da dagi wani yaron aikinsa ya ɗauka yana cin abinci da su. Kowa ya sa ya yi masa addu'a. Abu mafi tsada da aka taɓa yi dominsa a duniya, shi kaɗai ne ban samu wanda zan ba ba. Na bar shi can a kan kantar likita, a cikin kwalinsa, ko buɗe shi ba a yi ba.